Shugaban Taro Bai Tashi Ba

A duk faɗin Najeriya babu masu kallon wasa da suka kai na Jalingo tarbiyya, a cikin na Jalingo kuma babu kamar Ƙungiyar Dattawa Magoya Bayan 'Yan Matan Softbol. Shugaban ƙungiyar, Malam Andrawus, shi ya tabbatar da haka. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsara wa manya wurin zama a tarurrukan gwamnati kafin ya yi ritaya ya koma gidansa a Nukkai, saboda haka idan ya ga tarbiyya yana gane ta.

Hujjojinsa ma a fili suke. Dattawan ba su taɓa zagin uwar alƙalin wasa ba. Ba su taɓa jifan kowa da ledar ruwa ba. Idan baƙi suka ci, sukan tafa musu, har su tambayi lafiyar mutanen garinsu.

Softbol wasa ne da wata malama, Madam Patience, ta kawo wata kwaleji da ke garin bayan ta dawo daga wani kwas. Ana jefo ƙwallo, mai riƙe da sanda ta doke ta, ta yar da sandar ta ruga, ta taka tasha ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ta dawo gida inda ta tashi. Idan ta dawo kafin abokan hamayya su tsinto ƙwallon su tare ta, an ci ɗaya. Iyakar abin da mai kallo ke bukatar sani ke nan. Sauran dokokin Madam Patience ce kaɗai ta san su, ita ma akan gan ta tana leƙa waya.

A shekarar farko awaki ne kawai ke kallon wasan. Sai wata yamma Malam Andrawus, wanda likita ya ɗora wa tattaki saboda hawan jini, ya biyo ta bayan filin ya tsaya. Abin ya ba shi tausayi: yara suna ta gudu a rana babu wanda zai ce musu sannu. Kafin wata ya ƙare ya tara abokansa 'yan fansho, aka zaɓi shugaba da sakatare da mai ɗaukar hoto. Su suka ɗinka wa 'yan matan riguna. Su suke kawo ruwa da lemo. Ranar da wata ta gurɗe a ƙafa, a motar sakataren ƙungiyar, Malam Ukasha, aka kai ta asibiti, kuma bai bar wurin ba sai da iyayenta suka iso. Madam Patience takan ce ba ta san inda za ta sa alherin dattawan nan ba, kuma har zuciyarta take faɗa.

Matsalar ɗaya ce. Dattawan ba su yarda a ga yarinya ta yi abin kirki a zuba mata ido daga nesa ba. A wurinsu wanda ya yi bajinta a bainar jama'a, ko mawaƙi ne ko amarya, ana tashi a je a yi masa liƙi a lokacin da yake yin abin, ba bayan ya huce ba.

A wasan da ya gabata wata yarinya mai suna Hamna ta doka ƙwallo ta ruga. Tana isa tasha ta uku ta tarar da Malam Ukasha a tsaye yana jiranta da sababbin takardun kuɗi, ya shiga manna mata a goshi. Yarinya mai ladabi ce, ta rusuna tana godiya. Wani dattijo ya biyo da ruwa. Ƙwallon kuwa ta gangara ta tsaya a ƙafar Malam Andrawus, ya ɗauka, ya goge da hankicinsa, ya miƙa wa yarinyar ɗaya ɓangaren da hannu biyu, domin baƙuwa ce kuma ta sha gudu. Alƙalin wasa ya tsayar da wasan ya zauna a ƙasa ya riƙe kai.

Masu shirya gasar suka yanke hukunci: daga yanzu, duk mai kallon da ƙafarsa ta ƙetare farin layi alhali ana wasa, an ba baƙi nasara nan take. Da aka gaya wa Malam Andrawus ya yaba da hukuncin ƙwarai, ya ce dama ya daɗe yana cewa 'yan kallo su san matsayinsu. Su dai dattawa ba 'yan kallo ba ne, masu ruwa da tsaki ne.

Wasan da ya rage shi ne da 'yan matan wata kwaleji daga Wukari. Wanda ya ci shi zai tafi gasar shiyya a Bauchi, inda masu zaɓen 'yan wasa ke zuwa kallo. Wadda abin ya fi shafa ita ce Zulfa, 'yar ajin ƙarshe, wadda ta fi kowa iya dukan ƙwallo. Tun tana ƙarama take zuwa hutu rugar kawunanta, kuma sanda ba baƙuwa ba ce a hannunta. Idan aka ci, za ta je Bauchi a gan ta. Idan aka ba baƙi wasan, za ta rubuta jarrabawarta ta koma gida, kuma a Jalingo babu inda ake buga softbol sai a wannan fili.

Madam Patience ta gwada igiya. A wani wasan gwaji dattawan suka ɗaga igiyar cikin natsuwa suka wuce, na ƙarshensu ya mayar da ita yadda ya same ta. Ta gwada masu gadi. Masu gadin duk yaran da dattawan suka taɓa rubuta wa takardar shaida ne, suna ganinsu suka ƙame suka sara. Ta zauna da Malam Andrawus ta yi masa bayani a hankali, ya saurare ta har ƙarshe, ya yi mata alkawarin zai sa ido sosai a kan ɗalibai. Ɗaliban kuwa ba su taɓa matsawa kusa da layin ba, domin Madam Patience ce ke koyar da wani darasi da ba a kammala kwalejin sai an ci shi.

Zulfa ce ta tuna wani abu. Ta gaya wa malamar cewa a wani ɗaurin aure ta taɓa ganin Malam Andrawus zaune tun hantsi har rana ta take, gumi na zuba, jama'a duk sun watse, bai motsa ba. Dalili kuwa mahaifinta ne shugaban taron, kuma bai tashi ba tukuna. Mahaifin na Zulfa, Alhaji Abbo, tsohon darakta ne a ma'aikatar dabbobi, yana gaban Malam Andrawus da mataki biyu lokacin da suke aiki, kuma a wurin Malam Andrawus ritaya ba ta goge mataki. Wanda ke babban tebur ba ya tashi kafin shugaban taro. Wannan dokar ta fi duk dokokin softbol ƙarfi a wurinsa, domin shi ya yi rayuwarsa yana tsaron ta.

Suka tafi gidan a Yelwa. Alhaji Abbo mutum ne marar yawan magana, mai ciwon gwiwa, kuma bai taɓa zuwa kallon 'yarsa ba. Ba hana ta ya yi ba. A tarbiyyar da ya tashi a ciki, uba ba ya zuwa ya tsaya cikin mutane yana nuna wannan tawa ce. Sai dai duk ranar wasa yakan tambayi mahaifiyarta, Inna Kadijatu, ko yaran nan sun dawo lafiya, sannan ya ɗan jira ko za a ƙara masa bayani.

Madam Patience ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi bukatarta ba tare da ta ɓoye komai ba. Da ta gama ya tambaye ta.

"Zama kawai zan yi?"

"Zama kawai, Baba. Har a tashi wasa."

"To, na iya wannan. Aikin da na yi wa gwamnati ke nan."

Zulfa ta lura cewa a ranar ya aika aka karɓo masa tabaransa na ganin nesa daga wurin gyara.

Ranar wasan aka kafa rumfa a gefen fili, aka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebura, aka ajiye furen roba a tsakiya. Da Malam Andrawus ya ga babban tebur sai da idonsa ya kawo ruwa. Ya ce yanzu ne wasan nan ya samu mutunci. Ya sake jera kujerun da kansa bisa matakin da kowa ya yi ritaya a kai, ya raba gardamar wasu mataimakan darakta biyu, ya zauna a hannun daman Alhaji Abbo. Victor, mai ɗaukar hoton ƙungiyar, ya kafa wayarsa a kan sanda. Aka yi addu'ar Musulmi, aka yi ta Kirista. Malam Andrawus ya karɓi lasifika ya tunatar da jama'a, musamman matasa, cewa a taron mutunci babu mai tashi daga babban tebur sai shugaban taro ya tashi. Madam Patience ta sunkuyar da kai tana gyara igiyar takalminta.

Aka fara. Dattawan suka shiga wani hali da ba su taɓa shiga ba. Hamna ta doka ƙwallo mai kyau ta ruga, Malam Ukasha ya ɗaga rabin jikinsa daga kujera, ya waiwayi shugaban taro, ya ga yana zaune kamar an dasa shi, ya koma ya zauna yana gyara hula. Takardun liƙi suka jiƙe da gumi a aljihu. A ƙarƙashin farin ƙyallen ƙafafu sai motsi suke yi, amma a sama kowa ya haɗe hannu. Alƙalin wasa yakan waiwayo rumfar lokaci zuwa lokaci kamar mai jiran hadari.

Alhaji Abbo ya sa tabaransa yana jiran abu ɗaya, abin kuma ya ƙi zuwa. Da Zulfa ta fito karon farko ta hango mahaifinta, sai ta yi ta kai wa iska duka har aka fitar da ita. Daga nan kuma 'yan Wukari, da suka san labarinta, suka ƙi ba ta dama. Mai jifarsu takan jefa ƙwallon can gefe da gangan, dokar wasa kuma ta ce idan aka yi haka mai sanda ta taka zuwa tasha ta ɗaya a kyauta. Sun gwammace su ba ta tasha ɗaya da ta kwashe duka. Don haka abin da Alhaji Abbo ya gani har rana ta karkata shi ne 'yarsa tana ajiye sanda tana tafiya a hankali. Malam Andrawus ya yi masa bayanin cewa girmamawa ce.

Gwiwar ta fara ciwo tun tsakiyar wasa. Kujerar roba ce, kuma Malam Andrawus ya zaɓa masa wadda ta fi tsawo. Bai miƙe ƙafa ba, don kada a ɗauka shirin tashi yake.

A zagaye na ƙarshe baƙi na gaba da ci ɗaya. 'Yan gida suka lallaɓa har suka cika tashoshin uku, kowace da yarinya a tsaye tana jiran a doka ta ruga gida. An riga an fitar da biyu, idan aka fitar da ɗaya kuma wasa ya ƙare. Sai layi ya zo kan Zulfa. Wannan karon babu inda za a tura ta a kyauta, domin idan ta taka zuwa tasha ta ɗaya sai kowa ta matsa gaba, ta ukun ta shiga gida. Dole mai jifa ta jefo mata ta gaskiya.

Alhaji Abbo ya gyara tabarau. A daidai nan Malam Andrawus ya matso da bakinsa kusa da kunnensa.

"Ranka ya daɗe, na yi tunani. Shugaban taro ba ya tashi, gaskiya ne. Amma ana wakiltarsa. 'Yarka ce. Ba zai yi kyau ta yi bajinta a ce babu wanda ya je mata daga teburin nan ba. Tana dokawa zan je a madadinka, ni da sakatare."

Hannunsa na cikin aljihu, ƙafarsa ɗaya ta riga ta fito daga ƙarƙashin tebur. Malam Ukasha ma ya ji, ya fara tattara babbar rigarsa.

Alhaji Abbo ya san a ƙa'ida mutumin yana da gaskiya. Ya kuma san idan ya ce a'a, ba za a ji a'a ba. Za a ce kunyar Fulani ce, uba ba zai ce a je wa 'yarsa ba, kuma aikin na ƙasa da shi ne ya fahimci abin da babba ya kasa faɗa ya aikata. Duk yadda ya ƙi, haka za su ƙara tabbata yana so.

A fili mai jifa ta jefo ta farko, Zulfa ta bar ta ta wuce.

Alhaji Abbo ya juya kujerarsa kaɗan, ya ba filin kafaɗa, ya kama wuyan hannun Malam Andrawus.

"Andrawus, akwai abin da na daɗe ina son tambayarka. Ranar nan da manyan baƙi biyu suka iso ƙofa a tare, kowanne da jiniyarsa, kujerar tsakiya kuma ɗaya ce. Yaya ka yi?"

Wannan labari Malam Andrawus ya sha ɗauko shi a gidan biki da gidan makoki da layin tantance 'yan fansho. Matarsa Mary takan tuna ta bar tukunya a wuta da zarar ya ce jiniya. Bai taɓa kai shi ƙarshe ba, kuma tun da yake babu wanda ya taɓa tambayarsa. Yau ga darakta da kansa, a gaban mutane, yana tambaya. Ƙafar ta koma ƙarƙashin tebur. Ya fuskanci shugaban taro sosai, domin ba a yi wa babba magana ana kallon wani wuri, ya fara daga daren da aka kawo kujerun.

Shi ma mai tambaya ba ya kallon wani wuri. Alhaji Abbo ya san idan idonsa ya bar fuskar nan ko sau ɗaya, mutumin zai bi idon zuwa fili.

Ƙarar ta zo kamar an fasa busasshen icce. Ɗalibai suka ɗauki ihu. Malam Ukasha ya miƙe rabi, ya ga shugaba da shugaban taro duk a zaune, ya tsaya a haka, bai zauna ba bai tashi ba. Wuyan Malam Andrawus ya fara juyawa. Alhaji Abbo ya ƙara matse hannun.

"Sai na biyun ya ce me?"

Malam Andrawus ya dawo. Na biyun, ashe, bai ce komai ba, direbansa ne ya yi magana, kuma a nan ne abin ya rikice. Ana ta kiran sunan Zulfa a bayansu, ana buga jarka, ƙura ta tashi ta shigo har rumfa. Alhaji Abbo yana gyaɗa kai a inda ya dace. Labarin ya kai wurin da aka aika a nemo kujera ta biyu mai irin hannun ta farko, sai Madam Patience ta iso da gudu, hularta a hannu, ta durƙusa a gaban tebur tana haki. Ta ce yara biyu sun shiga gida, alƙali ya tashi wasa, an ci.

Sai a sannan shugaban taro ya tashi, ko kuma ya yi niyya. Gwiwar ta ƙi, sai da Madam Patience ta ba shi kafaɗa. Yana miƙewa dattawa suka kwarara cikin fili kamar an buɗe makaranta, riguna na tashi, aka yi wa Zulfa liƙi, aka yi wa Hamna, aka yi wa mai jifar Wukari da ke kuka, har alƙalin wasa bai tsira ba. Alƙalin ya nemi Malam Andrawus ya yi masa musabaha, ya ce bai taɓa ganin canji irin wannan ba. Malam Andrawus ya ce ba canji ba ne, horo ne.

A jawabin rufewa ya gode wa Allah, ya gode wa 'ya'yan ƙungiya da suka nuna wa matasa misali. Ya kuma sanar cewa dattawa sun amince baki ɗaya Alhaji Abbo ya zama shugaban taro na dindindin, har Bauchi, inda shi da kansa zai zauna a damansa. Aka tafa. Madam Patience ta gode wa dattawan ɗaya bayan ɗaya, ta ambaci riguna da ruwa da motar asibiti, ba ta rage komai ba. Da ta zo kan Alhaji Abbo ta rasa Hausar da za ta yi, sai ta ce masa useko, wato godiya, kalmar Fulatanci ɗaya da ta iya. Ya ce babu komai, zama ne kawai. Kafin a rabu Malam Andrawus ya raka shi har bakin keke napep, ya ce labarin bai kai rabi ba, zai shigo Yelwa ranar Asabar ya ƙarasa. Alhaji Abbo ya ce Allah ya kai mu.

Keken ya hau titi. Zulfa na gefensa, sandarta a tsakanin gwiwoyi, goshinta duk shatin takardu.

"Baaba, ka gani?"

"Mutane sun yi ihu sosai," in ji shi.

Wayarta ta yi ƙara. Victor ne ya tura wa kowa bidiyon wasan. Ta buɗe ta ja shi zuwa ƙarshe tana murmushi, don ta nuna masa su sake gani tare. Victor ma'aikaci ne da ya san aikinsa: a taro, babban tebur ake ɗauka. Babu fili a bidiyon ko kaɗan. Akwai furen roba, akwai Malam Andrawus yana kwatanta faɗin kujera da hannu ɗaya, akwai mahaifinta riƙe da ɗaya hannun, sanye da tabaran ganin nesa, yana kallon fuskar da ke dab da tasa. Aka ji ƙarar sanda. Ta ga kafaɗarsa ta motsa, ta ga bai juya ba.

Ta kashe wayar ta sa a jaka. Suka wuce masu doya a bakin hanya. Can ta gyara zama ta fara gaya masa, ba tare da ya tambaya ba, cewa ƙwallon farko ta bar ta ne don ta yi ƙasa da yawa, ta biyun ce ta zo daidai ƙugu. Ta ce ta bi ta saman kan yarinyar tasha ta biyu, ta wuce ta bayanta, ta faɗi kusa da mangwaron nan na ƙarshen fili ta ci gaba da gangarawa. Alhaji Abbo yana murza gwiwarsa yana saurare. Ya tambaye ta wane mangwaron, na kusa da famfo ko na can baya. Ta ce na can baya.

Ya taɓa kafaɗar mai keken ya ce ya rage gudu, ba sauri suke ba.